Rigingine, Amma a Kan Ruwa

Kwana tara na yi kwance rigingine ina kallon silin, kuma ba ciwo ne ya kwantar da ni ba. Kalma ɗaya ce ta Turanci, da ɗa guda mai ji da kansa.

Ni kafinta ne, shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da zarto. Silin ɗin da aka kwantar da ni ina kallo ma ni na buga shi da hannuna. A kwana na uku na hango wata ƙusa da ta karkace a kusurwa, kanta a waje, ta riƙa ba ni haushi fiye da duk abin da ke damuna. Wata takwas kafin nan ne shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ni a shago, tsakiyar garin katako. Allah ya yi da sauran shan ruwana a gaba. Baki ya koma daidai, ƙafa ta dawo sai ɗan ja da nake yi. Hannun hagu ne ya yi mini tawaye. Yana riƙe ƙusa, yana dafe katako, amma a ce ya ɗagu ya wuce kafaɗa, ina! Duk da haka na koma shago ina yin rabin yini, kuma babu wanda ya dawo mini da kujera ya ce tana rawa.

Duk sati uwar yarana tana raka ni asibiti wajen likitar gashin ƙashi, wata yarinya doguwa mai hannu kamar filaya. Ranar da abin ya faru, muna cikin murzar kafaɗa aka kira ta da gaggawa. Ta rubuta wani abu a takarda a tsaitsaye, ta miƙa wa uwar yaran, ta ce za ta yi mana bayani, ta fita da gudu. Muka jira har muka gaji, muka taho gida da takarda.

Da yamma babban ɗana ya shigo. Ƙamus muke ce masa tun yana makaranta, saboda ko ruwa zai roƙa sai ya sa masa Turanci. Aikin ofis yake yi, riga a soke cikin wando, biro uku a aljihu. Uwarsa ta miƙa masa takardar. Ya karanta, ya sake karantawa, sai na ga ya nemi kujera ya zauna.

"Me aka rubuta?" in ji ni.

"Baba, kalmar ita ce backstroke," in ji shi. "Stroke shi ne ciwon da ya kayar da kai. Back kuma dawowa. Ciwon zai dawo ke nan. Ga shi har ta rubuta sau biyu a sati."

"Sau biyu a sati zai riƙa dawowa? Ciwo ne ko mai kawo madara?"

"Ba wasa nake ba, Baba. Nufinta a riƙa duba ka sau biyu a sati. Daga yau babu shago."

Uwarsa ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa na ce masa jikina ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bai ko kalle ni ba. Washegari ya je ya sa wa shagona sabon kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Kwana biyu bayan haka na ji yana gaya wa uwarsa a bakin ƙofa, cikin raɗa, wai ya yi magana da wani mai sayar da waya, ƙarshen wata zai karɓi wurin. Shagon da na shiga tun kafin a haifi uban mai wayar! A ciki akwai kabad da ban gama ba, da bencina, da zarton da ya san tafin hannuna fiye da yadda 'ya'yana suka san shi.

Sai masu dubiya suka fara sintiri. Kowa ya shigo ya rage murya, ya kalle ni ta gefen ido kamar yana auna tsawona. Ƙanwata ta zo ta ce in yafe mata abin da ta yi mini shekara talatin da suka wuce, wanda ni na manta da shi, sai da ta tuna mini na ji sabon haushi. Aka hana ni gishiri, aka hana ni tashi, aka hana ni ko buɗe taga da kaina. In na yi tari, mutum uku su rugo. Ba zan ɓoye ba, tsoro ya kama ni. Duk ƙaiƙayin da na ji a kumatu sai in ce ga shi nan ya iso. Amma a kwana na tara tsoron ya gaji ya zauna, fushi ya miƙe tsaye.

Na kira uwar yaran na ce, "Ba ni takalmina."

"Ina za ka, maigida?"

"Wajen wadda ta rubuta takardar. In mutuwa ce, ta faɗa mini da bakinta, a harshen da nake ji. Ba zan mutu da fassarar Ƙamus ba."

Shekara talatin da bakwai muna tare, ta san lokacin da ake ja da ni da lokacin da ake kauce mini. Ta ɗauko takalmin, ta ɗauko nata.

Likitar na ganinmu ta ce, "Baba kafinta, ina kuka shiga? Na neme ku ranar nan. Ka fara kuwa?"

"Na fara me? Mutuwar?"

Na ajiye mata takardar a kan tebur, na zayyana mata fassarar da aka yi mana da kwana taran da na yi. Yarinyar nan ta toshe baki da hannu. Ta yi ƙoƙari, na shaide ta, amma dariyar ta fi ƙarfinta, har da hawaye. Da ta ga fuskata sai ta nutsu.

"Ka yi haƙuri, Baba, laifina ne da na tafi ban yi bayani ba. Iyo ne. Backstroke iyo ne, irin wanda mutum ke kwanciya a kan gadon bayansa, fuska na kallon sama, yana wurga hannu ɗaya bayan ɗaya ta saman kansa."

"Iyon rigingine?"

"Shi fa. Sau biyu a sati. Ruwa yana ɗauke nauyin hannu, sai kafaɗa ta koyi ɗaguwa ba tare da ta sha wahala ba."

"To, me ya kawo sunan ciwona cikin iyo?"

Ta ɗauki biro ta ja layi a ƙarƙashin kalmar. "Stroke a bakin Turawa asalinsa bugu ne. Bugu ɗaya na guduma stroke ne. Ja ɗaya na burushin fenti stroke ne. Wurgi ɗaya da hannu ke yi a ruwa, shi ma haka. Ciwon ma don yana buge mutum farat ɗaya aka sa masa sunan. Back kuma yakan zama dawowa, yakan zama gadon baya. Amma duba, babu tsaga a tsakiya. Kalma ɗaya ce, ba a raba ta. Sai a ce wane ya iya backstroke, ko wance ta ci gasar backstroke. Babu mai cewa backstroke ya kama shi."

"Ɗana ya sa mata zarto ke nan, ya raba ta biyu."

"Haka ne. Kamar in rubuta cewa kana da farin jini, a ɗauke ka a kai ka ɗakin gwaji a ga me ya sa jininka ya yi fari."

Uwar yaran ta ce, "Wannan kam ko an gwada ba za a samu ba." Kwana tara ke nan ban ji ta yi mini tsiya ba, sai na ji kamar an buɗe taga.

Da yamma na jira Ƙamus a falo, a zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na ce ya fito da wayarsa ya nemi kalmar a haɗe, kada ya yanka ta. Ya danna, ya karanta. Na ga kunnuwansa sun motsa. Na ce ya karanta da ƙarfi uwarsa ta ji, ya karanta a ciki-ciki.

"Ƙaramin sani ƙuƙumi ne," in ji ni. "Ba ni makullina."

Da ya ce "na yi kuskure, Baba," da magana ta ƙare a nan. Amma an ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya miƙe, ya gyara biro a aljihu.

"Ko ma mene ne ma'anarta, hannunka bai warke ba. Mutumin da ba ya iya ɗaga hannu sama da kafaɗa ba zai koma cikin zarto da guduma ba. Maganar ruwa kuwa, ba da ni ba. Shekara sittin da uku, da ɓari guda, a jefa ka cikin kwami? Ka kwanta ka huta, Baba. Ka yi naka."

"Rigingine kake so in kwanta?"

"Shi ne hutu."

"To, ka samu," na ce. "Zan kwanta."

Ya fita yana murna ya yi nasara. Saura kwana goma sha tara wata ya ƙare.

Wurin iyon yana bayan filin wasanni, tafiyar mota ɗaya daga gida. Uwar yaran ce ta sayo mini gajeren wando, shuɗi mai ratsin ja, ta naɗe shi da tawul a ƙasan jakar cefane. In Ƙamus ya bugo waya ya tambayi ina nake, sai ta ce na tafi gashin ƙashi, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ranar farko da na fito daga ɗakin canja kaya na kalli ƙafafuna, sirara kamar na tsohon benci, na kusa komawa. Mai koyar da iyon wani kakkauran mutum ne da usur a wuya. Ya karanta takardar likita, ya dube ni sama da ƙasa.

"Baba, ka taɓa shiga ruwa?"

"Ina tsallake kogi tun ba a yi maka aski ba."

"Yaushe rabonka?"

"Shekara hamsin," na ce, "amma ruwa bai canja ba."

Ya shiga da ni wajen da ruwan yake iya ƙirji. Ya sa tafin hannunsa a ƙeyata ya ce in sake jiki in kwanta. Jikin ya ƙi. Kwana taran nan sun koya mini cewa duk wanda ya kwanta rigingine an gama da shi. Na sandare, na sha ruwa ta hanci, na tashi ina tari ina zagin mai usur da wanda ya haƙa kwamin. Ya bar ni na gama, ya sake sa hannu. A karo na huɗu ruwa ya cika mini kunnuwa, duk hayaniya ta ɗauke. Na buɗe ido. Babu silin, babu ƙusa, babu fuskar mai dubiya. Sama ce kawai, da wani tsuntsu yana wucewa abinsa. Sai can na lura mai usur ya daɗe da janye hannunsa. Na yi kuka a wurin, amma a cikin ruwa wa zai gane?

Da aka zo wurga hannu, a nan aka yi abin kallo. Dama tana wurgawa kamar ta saurayi, hagu kuwa sai ta ɗan leƙo daga ruwa ta koma. Wanda yake tuƙi da hannu ɗaya kuwa ba ya zuwa ko'ina, kewaye yake yi. Na riƙa juyawa a wuri ɗaya kamar fanka. Wasu tsofaffi biyu da ke jiƙa ƙafa a gefe suka sa mini suna Agogo. Na ce musu su yi dariya da kyau, agogo dai yana aiki, ba a rataye yake ba kamar wasu.

Likita ta ce sau biyu a sati. Na koma na tambaye ta ko huɗu zai kashe ni, ta ce a'a, in dai kafaɗa ba ta yi zafi ba. Na mai da shi huɗu. A gida kuma ina kwanciya rigingine a gado kamar yadda aka umarce ni, ina kallon ƙusar nan, ina jan hannun hagu sama a hankali har sai gumi ya keto mini. Kewayen da nake yi a ruwa ya fara faɗi. Daga fanka na koma kamar wanda ya sha ya bugu, in nufi gabas in ƙare a kudu. Ni da na yi shekara arba'in ina jan layi miƙaƙƙe a kan katako, jikina ya kasa jan layi ɗaya a kan ruwa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ana jibi wata zai ƙare, na tarar da uwar yaran tana naɗe tawul tana wani murmushi da ban yarda da shi ba.

"Me kika ƙulla?"

"Na gaya masa inda kake zuwa. Na ce in yana son ganin ubansa, ya zo ƙarfe goma."

"Wa ya aike ki?"

"Jibi za a fitar da bencinka waje, maigida. Ɓuya ta ƙare."

Na shiga ruwa ranar raina a ɓace. Na yi 'yan wurge-wurge, na gaji, sai na saki jiki a tsakiyar kwamin ina hutawa, hannuwa a buɗe, ido a rufe. Kunnuwana na cikin ruwa, ban ji ihun ba. Abin da na ji kawai shi ne ruwa ya girgiza kamar an jefa buhu. Na ɗago kai, sai ga Ƙamus, da riga, da wando, da takalmin ofis, yana dukan ruwa yana nutsewa yana tasowa yana kiran "Baba! Baba!" Yaron da ko a baho ba ya yarda ruwa ya taɓa masa fuska.

Na kama kwalar rigarsa da hannun dama. "Kai, miƙe tsaye! Ruwan iya ƙirji ne."

Ya miƙe. Biro biyu suna yawo a kan ruwa. Tsofaffin gefe suna riƙe da ciki. Na buɗe baki zan wanke shi tas, don na tanadi maganganu tun kwana goma sha bakwai, sai ya riga ni magana.

"Haka na same ka," ya ce. "A shago. Haka ka kwanta a cikin garin katako, hannuwa a buɗe, ido a rufe. Ni na ɗauke ka, Baba. Kai ba ka gani ba. Ni na gani."

Maganganun da na tanada suka watse. Wata takwas ina lissafin abin da ciwon ya ƙwace mini, ban taɓa tambayar me ya bar wa yaron nan a ido ba. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina. Amma tausayi daban, makulli daban.

"Na ji," na ce. "Allah ya yi maka albarka da ka ɗauke ni. Amma ɗaukata ka yi, ba binne ni ba. Je ka tsaya can, jikin wancan bangon."

"Baba..."

"Ka ce in kwanta rigingine. To, tsaya ka ga kwanciyar."

Ya tafi yana jan ƙafa cikin ruwa, ya tsaya a ɗaya gefen, bayansa jikin bango. Ni na koma nawa gefen. Mai usur ya matso, na ɗaga masa hannu ya tsaya inda yake. Na kwanta, ruwa ya rufe kunnuwana, na zaɓi wani gajimare na sa masa ido.

Dama ta wurga. Na ce wa hagu, ke kuma saura ke, yau ko ki tashi ko mu kwana a nan. Ta fito daga ruwa, ta kai kafaɗa, ta tsaya a inda ta saba tsayawa. Na cije. Ta wuce. Na ga tafin hannuna ya gifta tsakanina da sama, ruwa na ɗiga daga yatsu a fuskata, ya faɗa bayan kaina. Ba kyau ne da shi ba, mai gasa zai yi dariya. Amma wurgi ne. Dama, hagu. Dama, hagu. Ban ƙirga ba. Kafaɗa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, numfashi yana neman ƙarewa, ban san ko layin ya miƙe ko ya karkace ba, har sai da bayan hannun hagu ya bugi wani abu mai taushi, mai maɓalli. Ƙirjin ɗana ne.

Ban tashi ba. Ina kwance a kan ruwan, na bar hannun a sama, na buɗe tafin.

Na daɗe a haka. Sai na ji ƙarfen makulli mai sanyi ya sauka a ciki. Yatsun suka rufe a kansa da kansu.

Ban wuce shago ba ranar. Washegari ne na buɗe shi, na gaida bencina, na ɗauko guduma da sabuwar ƙusa guda na dawo gida. Na ja kujera zuwa kusurwar ɗaki. Ƙamus yana tsaye a bakin ƙofa, ya buɗe baki, uwarsa ta dube shi, ya rufe. Ya zo ya riƙe mini kujerar da hannu biyu.

Na hau, na zare karkatacciyar. Hagu ta riƙe sabuwar a sama da kaina, dama ta buga. Bugu uku ta shige.

"Wannan fa, me ake ce masa da Turanci?" na tambaye shi daga sama.

Ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dube ni.

"Ban sani ba, Baba," ya ce. "Sai na duba."